Littafin Abincin Ummi: Abin da Muka Cire da Abin da Muka Mayar

11 ga Janairu, 2025

Ummi tana da wata goma sha huɗu. Nauyinta kilo 7.9, igiyar awon damtse kuma ta tsaya a santimita 12.3, wato cikin ruwan ɗorawa. Kore, wato lafiya, daga 12.5 yake farawa, ƙasa da 11.5 kuwa ja ne, wato tamowa mai tsanani. Tun tana wata takwas layinta a katin awo ya daina hawa, ya kwanta. A watan ne aka fara dama mata kunu da madarar gari. Daga nan sai gudawa mai majina, wani lokaci da ɗigon jini, ga kumburin ciki, ga kukan dare, ga ƙuraje masu ƙaiƙayi a kumatu da bayan gwiwa. A gida an ce haƙori ne. Haƙora takwas sun fito, gudawa tana nan.

Likitar yara ta saurari labarin tun daga farko, ta ce tana zargin furotin ɗin madarar shanu ne jikin yarinyar ba ya karɓa, abin da ake kira alaji. Ta ce abin iri biyu ne. Akwai mai saurin tashi: cikin mintuna yaro ya yi borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Wannan ba a wasa da shi, asibiti ake nufa nan take. Akwai kuma mai jinkiri, wanda sai bayan sa'o'i, har zuwa kwana uku, yake nunawa a ciki da fata. Na Ummi ya fi kama da na biyun, kuma gwajin jini ko na tsira fata ba ya kama shi. Gwajinsa ɗaya ne: a janye madara gaba ɗaya na mako huɗu, sannan a mayar da ita da gangan a ga abin da zai faru.

Na tambaye ta ko ni ma in daina shan madara tunda ina shayarwa. Ta ce, "Maman Ummi, wata shida tana shan nononki zalla lafiya lau, kina shan shayinki da madara. Ke ba ruwanki." Na ji daɗin wannan ba kaɗan ba.

An ɗebi jini, awon yawan jini da ake kira PCV ya nuna 29, akwai ƙarancin jini. An rubuta maganin ƙarin jini na wata uku.

18 ga Janairu

Gwangwanin madara ɗauke shi ba wuya. Wuyar tana wurin madarar da ba a gani. Na zauna na lissafa abin da ke shiga bakin yarinyar nan a rana, sai na ga saniya ta zagaye mu ta ko'ina: man shanun da ake zuba wa tuwo da miyar kuka, kindirmon furar la'asar, biredin da ake tsoma mata a shayi, biskit ɗin da yayyenta suke gutsira mata, bota, cincin, alawar madara, yogot ɗin leda. Har kunun gyaɗa, a gidanmu ba a sauke shi sai an zuba madara.

Yanzu ina ɗibar mata miya kafin a sa man shanu. Kwanonta da cokalinta daban. Abin leda ko na kwali kuwa sai na juya bayansa na karanta, ina neman kalmomin milk da whey da casein, domin duk madara suke nufi. Garin da ake sayarwa a matsayin mai faranta shayi, wanda wasu ke cewa ba madara ba ne, shi ma sau da yawa da casein a cikinsa.

Hajiya, mahaifiyar Abban Ummi, ta kawo shawarar nonon akuya, ta ce da shi aka raini marayu tun kaka da kakanni. Gaskiya ne an yi. Amma furotin ɗin nonon akuya da na tunkiya kusan ɗaya ne da na saniya, yawancin yaran da ba sa karɓar wannan ba sa karɓar wancan. Na ce, "Hajiya, a yi mana haƙuri wata ɗaya tak, in bai yi ba sai mu dawo kan naki." Ta dubi Ummi ta ce, "Kishiya, ke kuma da naki salon kika zo. Jikar masu shanu ba ta shan nono!"

1 ga Fabrairu

Jini ya ɗauke daga bayan gida. Majina ta ragu sosai. Tana barci har asuba yawancin dare. Fata dai da sauranta, amma hunturu ne, kowa ma a bushe yake. Man kaɗanya safe da yamma, da zarar an fito daga wanka jiki da ɗan danshi, sabulu marar ƙamshi, ruwa mai ɗumi ba mai zafi ba.

12 ga Fabrairu

Mun mayar da madara kamar yadda aka tsara: cokali ɗaya a kunu ranar farko, a ƙara washegari. Ba mu je ko'ina ba. A dare na biyu ciki ya ɗaure, kuka ya dawo, da safe ga majina a kunzugu, kumatu sun yi ja. Na ɗauki hoto na kai wa likita. Ta ce magana ta tabbata, a janye madara aƙalla wata shida kafin a sake gwadawa.

Abban Ummi bai so wannan gwajin ba, ya ce don me za a tayar wa yarinya da ciwo bayan ta samu sauƙi. Na fahimce shi, ni ma daren bai yi mini daɗi ba. Amma da ba a yi ba, da har abada muna cikin ƙila-wa-ƙala, kuma da mun hana yarinya abinci mai amfani shekara da shekaru kan zato. Wani amfanin kuma, Hajiya da idonta ta ga kunzugun. Tun ranar ita ce ke korar yara da biskit daga ɗakin.

22 ga Fabrairu

Yau ne na gane cewa cire madara rabin aikin ne, kuma ƙaramin rabin. An tura mu wurin jami'ar abinci mai gina jiki. Ta sa na faɗa mata duk abin da Ummi ta ci jiya, tana rubutawa. Koko da safe, tuwo da miya da rana, taliya da manja da yamma, nono tsakani. Ta ce ciki ya cika, amma jiki bai samu ba. Kokon da yake zuba daga cokali kamar ruwa yawancinsa ruwan ne. Cikin yaro ƙarami ne, duk abin da zai shiga sai ya zama mai nauyi. Kunu ya yi kaurin da zai zauna a cokali in an karkata shi.

Ta zana mini rukunin abinci takwas da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke aunawa da su ga yara 'yan wata 6 zuwa 23: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da gyaɗa da dangoginsu, madara, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A, sai sauran kayan lambu. Ana so yaro ya taɓa aƙalla biyar a rana. Ummi an rufe mata ƙofa ɗaya, saura bakwai, kuma jiya uku kawai ta samu. Abinci sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu.

Babbar damuwarta kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi. Yaro mai shekara ɗaya zuwa uku yana buƙatar tsakanin miligiram 500 da 700 a rana, gwargwadon ma'aunin da aka bi, kuma madara ce hanya mafi sauƙi ta samunsa. Ta ba ni labarin binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999, wanda ya nuna cewa yaran Najeriya masu lanƙwasasshiyar ƙafa da yawansu ba hasken rana suka rasa ba, kalsiyam ne babu a abincinsu, kuma da aka ba su shi ƙashin ya gyaru. Rana muna da ita har ta yi yawa. Abin da ke cikin kwano ne matsalar.

Ta ja mini kunne kan wani abu da nake shirin yi: madarar waken soya ta gida da kunun aya fari ne kawai ya haɗa su da madara. Waken soya yana da furotin, amma kalsiyam ɗinsa kaɗan ne in ba an ƙara masa a masana'anta ba. Inda za mu nema: garin kuka, zogale, riɗi, ƙananan busassun kifi da ake dakawa har da ƙayarsu, da jatan lande. Duk da haka ta ce na ganye jiki ba ya tsotse shi duka, don haka likita ta ƙara da kalsiyam na ruwa. Ba a haɗa shi lokaci ɗaya da maganin ƙarin jini, suna hana juna shiga. Ɗaya da safe, ɗaya da dare.

Sai shayi. An hana ta shi kwata-kwata, domin ganyen shayi yana tare sinadarin ayon, wanda ke ƙara jini. A madadinsa, bayan abinci a ba ta lemo, gwaba, ko ruwan garin ƙwallon kuka, tunda bitamin C ke taimaka wa ayon ya shiga jini.

8 ga Maris

Azumi ya kama tun farkon wata. Na yi garin kunu da yawa kafin aiki ya yi mini yawa. Shi ne haɗin da ake kira Tom Brown: gwangwani shida na hatsi, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa. Hatsin na raba shi, gero uku, dawa biyu, masara ɗaya.

Waken soyar ne mai aiki. Na tsince, na jiƙa, na murje ɓawon a ruwa har ya taso na tsiyaye, na shanya ya bushe ƙarau, sannan na soya a busasshen kasko da wuta kaɗan ina juyawa har ya yi ruwan ƙasa, ƙarnin nan ya tafi. In bai soyu ba yana kumbura ciki, kuma sai a ɗora wa alaji laifin da ba nasa ba. Gyaɗa kuwa a faranti na baza ta, na fitar da duk wadda ta motse, ta yi baƙi ko ta yi fumfuna, saboda gubar aflatoksin da ba ta mutuwa da suya. Wurin niƙa na ce wa mai inji ya fara zuba mini ɗan gero ya wanke injin, na ajiye wannan don tuwonmu.

Wasu yaran da ba sa karɓar madara waken soya ma ba ya yi musu, don haka ban zuba mata haɗin kai tsaye ba. Sai da na gwada awara 'yar kaɗan kwana uku ina duba kunzugu da fata. Lafiya lau. Dokar gidan yanzu: sabon abinci ɗaya a lokaci guda, a ba shi kwana uku, a rubuta.

Damun kofi ɗaya: cokali uku na gari, ƙaramin cokali na dakakken kifi, ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja bayan an sauke, dabino ɗaya da aka jiƙa aka murje maimakon sukari. Kifi da dabino a kunu ɗaya, ni ba zan iya sha ba. Ita tana buɗe baki.

20 ga Maris

Wata 'yar'uwa ta sa ni a wani zauren WhatsApp na iyaye mata. Cikin kwana kaɗan an ba ni jerin abin da zan cire: alkama, ƙwai, gyaɗa, tumatir, kifi, ayaba. Wata ta ce alkama ce ke hana yara magana. Wata ta turo tallan gwajin da ake yi da gashin yaro, wai yana fito da abinci ɗari da jiki ba ya so.

Ba na zargin kowa da mugunta, uwa mai yaro marar lafiya duk abin da aka ce mata za ta kama. Amma in na cire duk wannan me ya rage? Koko da tuwo, wato inda muka fito. A yankinmu na arewa maso yamma, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a ƙasa baki ɗaya kuma kashi 68 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini. A irin wannan wuri, hana yaro ƙwai ba tare da hujja ba ba taka-tsantsan ba ne. Ummi tana cin ƙwai da gyaɗa tun kafin wannan magana, ba su taɓa yi mata komai ba, kuma likita ta ce yaro mai ƙurajen fata in aka yanke masa abincin da ya saba ci, yana iya dawowa ya ƙi karɓarsa daga baya. Abu ɗaya aka kama da laifi, shi kaɗai za a tsare. Gyaɗa dai niƙaƙƙiya ko tunkuza, ba ƙwaya ba, saboda shaƙewa.

2 ga Afrilu

Sallah ta zo da nata. A gidan 'yan'uwa wani ya miƙa mata cincin, kafin a lura ta cinye biyu. Kwana biyu ciki ya ɗan lalace, ya wuce. Bai kai na Fabrairu ba ko kusa. Nan gaba in za mu fita da guzurinta za mu tafi: dafaffen dankalin Hausa, ayaba, ƙosai. Yaron da hannunsa ke riƙe da abu ba a cika miƙa masa wani ba.

19 ga Afrilu

Kilo 8.6, damtse 12.8. Ta shiga kore. PCV 33.

A layin awo na zauna kusa da wata mata da ake ba ɗanta abincin tamowa na leda, mai kama da tunkuza. Na tambayi sista, ta tabbatar mini da garin madara a cikinsa, tare da gyaɗa da sukari da mai. Ashe da Ummi ta gangara cikin ja, maganin da ake ceton yara da shi ma sai an yi mata dabara.

Ta fara tafiya da kanta a makon jiya, tana da wata goma sha bakwai. 'Ya'yan maƙwabta sun riga ta, amma har wata goma sha takwas ana cikin lokaci. Kalmominta: Abba, Mama, "uwa" wato ruwa, da "a'a", wadda ta fi kowacce aiki. Na tambayi likita ko akwai abincin da ke buɗe baki. Ta yi dariya ta ce ayon da aidin da furotin suna gina ƙwaƙwalwa, gishiri mai aidin ya wadatar, amma magana da magana ake koyonta. In ina ba ta abinci in riƙa faɗa mata sunan komai, in bar ta ta sa hannu, in rage mata kallon waya.

17 ga Mayu

Matsalar wannan watan tauna. Ta saba da kunu, duk abin da ke da gudaji sai ta turo shi da harshe. Jami'ar abinci ta ce kada in koma tacewa, in riƙa ƙara kauri a hankali. Na fara da faten wake da alayyafo, na murje rabi na bar rabi. Sai dambun shinkafa da zogale mai laushi. Sai ɗanwake yankakke ƙanana da ƙwai, wanda ya zama abin so, kuma da kuka a cikinsa. Abin da ya fi aiki shi ne zaunar da ita a tabarma tare da yayyenta lokacin cin abinci. Abin da ta ƙi daga hannuna sai ta ɗauka daga gefen kwanonsu. Ana ɓata wuri, ana ɓata riga. A ɓata.

Zogale sai na yi ta kawowa tana ƙi kafin ta karɓa. An ce yaro yakan buƙaci ganin sabon abinci sau goma ko fiye, ban yi mata dure ba.

Mangwaro ya yi arha, kullum tana shan rabi.

9 ga Yuni

Layya. Na ware mata hanta na yanka ƙanana na sa a firiza, ana ba ta kamar cokali ɗaya sau ɗaya a mako, domin bitamin A ɗinta yana da yawa, ba a cika ta. Na yi mata dambun nama marar yaji da man gyaɗa, ina barbaɗawa a fate.

Hajiya ta tayar da maganar yaye. A gidansu shekara ɗaya da wata bakwai ake kai yaro wurin kaka. Na ce, "Hajiya, wannan kishiyar taki nonon nan shi kaɗai ne madarar da take sha a duniya. Alƙur'ani ma shekara biyu cikakku ya ambata ga mai son cika shayarwa." Ta yi shiru, ta ce to Allah Ya kai mu Nuwamba. Abban Ummi yana gefe bai ce uffan ba, wanda a wurinsa goyon baya ne.

12 ga Yuli

Gudawa da zazzaɓi. Nan da nan gida ya ɗauka wa ya ba ta madara, har an fara tuhumar yara. Ba wanda ya ba ta. Damina ce, yayanta ma ya yi irinta. Wannan ruwa-ruwa ce, babu majina, fata kuma ba ta motsa ba. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Ruwan gishiri da sukari na leda, ƙwayar zinc kwana goma, nono a kai a kai, abinci kaɗan-kaɗan ba a daina ba. Ta rame ta sauka zuwa 9.1 daga 9.3. Bayan ta warke na ƙara mata ci ɗaya a rana na mako biyu.

Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina sun zo gida-gida, ta karɓa. Jan ƙwanson bitamin A da maganin tsutsar ciki ta samu tun makon lafiyar mata da yara.

16 ga Agusta

Wata ashirin da ɗaya. Kilo 9.6, damtse 13.4, layin katin ya ɗaga kai sosai. Tsawo ne yake tafiyar hawainiya, likita ta ce shi dama ya fi nauyi jinkirin kamowa. Tana haɗa kalma biyu: "ba ni", "Abba tafi". Bayan gwiwa ya yi sumul, sai ɗan tabo.

Wata shida sun cika, an ba mu izinin fara mayar da madara mataki-mataki a gida, tunda nata mai jinkiri ne kuma ba ta taɓa kumburi ko sarƙewar numfashi ba. Ana farawa da madarar da aka gasa cikin fulawa, domin zafin tanda yana sauya furotin ɗin, jiki ya fi saurin yafe masa. Daga biskit sai kek, sai fanke mai madara, sai cuku, sai yogot da kindirmo, madarar sha ce ta ƙarshe. Ba a farawa in yaro ba shi da lafiya ko fata ta tashi. In mataki ya ƙi, a koma na baya a jira wata uku. Yawancin yara suna rabuwa da abin kafin shekara biyar, da dama tun kafin uku.

Na gasa biskit ɗin da kaina don in san abin da ke ciki: kofi ɗaya na fulawa, cokali ɗaya na garin madara, mai da ɗan sukari. Ranar Talata da safe ta ci kwata, Alhamis rabi. Kunzugu lafiya, barci lafiya, kumatu na ɗan fi dubawa fiye da kima. Gobe guda ɗaya cur, ta yi mako tana ci kullum kafin mu taɓa kek. Kalsiyam na ruwa yana nan har sai ta kai matakin kindirmo. Garin kunu ya kusa ƙarewa, kuma waken soya ya yi tsada a kasuwa kafin sabo ya shigo. Wannan karon rabin awo zan yi. Awon asibiti na gaba 13 ga Satumba.